Yadda Ake Tara Bugun Farko na Ƙagaggun Labaran Hausa da Tarihin Marubutansu

In ka ga kwafin Shaihu Umar an rubuta "Sir Abubakar Tafawa Balewa" a bangonsa, to ba sai ka buɗe ba, ka san ba bugun farko ba ne. A 1960 aka ba shi wannan lambar girma. Lokacin da littafin ya fara fitowa a 1934 kuwa, marubucinsa malamin makaranta ne a Bauci, bai wuce shekara 22 ba, kuma babu wanda ya san shi ne zai zama Firayim Ministan Nijeriya. Labarin da ke cikin kwafin biyu ɗaya ne, amma na farkon shi ne wanda yaron malamin ya riƙe da hannunsa, da irin takardar wancan zamani da irin ƙa'idar rubutunsa. Wannan kwafin shi mai tara littattafai yake farauta.

A Ingila da Amurka tara bugun farko tsohuwar sana'a ce, tana da dillalai da kundayen farashi da gidajen gwanjo. Mu nan ba mu da ko ɗaya, kuma littattafanmu sun fi nasu saurin salwanta. An buga su a takarda mai araha, sun bi hannu ashirin kafin su yage, ragowar kuma gara ta cinye ko mai ƙosai ta naɗe ƙosai da su. Abin da ya fi wahala shi ne, da yawa daga cikinsu ba su faɗin ko bugu na nawa ne. Kai za ka gano da kanka daga jikin littafin da kuma daga rayuwar wanda ya rubuta shi. Shi ya sa a wajena tara littafi da bin tarihin marubuci aiki ɗaya ne, ba a raba su.

Mataki na farko: yanke gonar da za ka iya nomewa

Wanda ya ce zai tara komai, zai ƙare da tsibin takardu. Zaɓi zango ɗaya, ko marubuci ɗaya, ko maɗaba'a ɗaya. Kafin ka zaɓa, ga yadda filin yake.

Akwai 'yan fari guda 5 da suka fito daga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Baturen jami'in ilimi Rupert East: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Ainihin bugun farko na waɗannan ya yi wuyar samu ƙwarai, sai dai a ɗakunan karatu na jami'o'i ko a akwatin wani tsohon malami da ba a taɓa ba tun rasuwarsa. Ban ba sabon shiga shawarar ya fara da su ba. Ya sa su a zuciya, ya fara da abin da hannu zai kai.

Sai zangon Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar adabi ta Arewa, NORLA, da ta yi aiki a shekarun 1950 aka rufe ta a 1959, da kamfanin buga littattafai na NNPC na Zariya da ya fara a 1966. Cikin wannan zango akwai littattafan gasar NNPC da suka fito a 1980, wato Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Bayan su a 1982 aka samu na gasar gwamnatin tarayya, irin su Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Waɗannan har yanzu mai haƙuri yana iya dacewa da su.

Sannan ga babban kogi, abin da masanin adabi Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, wanda ya taso daga tsakiyar shekarun 1980 lokacin da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanoni suka janye, marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Ni nan nake tura duk wanda ya tambaye ni. Suna da araha, yawancin marubutan suna raye, kuma su ne suka fi shiga haɗari, domin shekara da shekaru ana raina su. Har ƙona waɗanda aka ƙwace a hannun ɗalibai aka yi a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ko wane ra'ayi mutum yake da shi a kan abin da ke cikinsu, su ne suka sa dubban mata da matasa suka riƙe karatun Hausar boko, kuma wanda zai rubuta tarihin zamaninmu ba zai iya tsallake su ba.

Da ka yanke gonarka, rubuta jerin sunayen littattafan da ke cikinta. Littafin Ibrahim Yaro Yahaya, Hausa a Rubuce na 1988, zai taimake ka a kan tsofaffi. A kan na Kano kuma akwai kundin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tattara na littattafan da suka fito daga 1987 zuwa 2002.

Mataki na biyu: fahimci abin da ake nufi da bugun farko

A bakinmu kalmar "bugu" tana ɗaukar abu biyu. Akwai sake bugu, inda aka mayar da faranti ɗaya kan inji aka ƙara fitar da kwafi ba tare da an taɓa rubutun ba. Akwai kuma sabon bugu, inda aka sake tsara rubutun, aka gyara, aka ƙara ko aka rage. Abin da mai tara littafi yake nufi da bugun farko shi ne kwafin da suka fito a hawan inji na farko na tsarin farko. Duk abin da ya biyo baya, ko da bango iri ɗaya ne, ƙani ne.

Kar wannan ya sa ka yi watsi da ƙannen. Ni ina sayen bugu na biyu da na uku in na same su, domin da su nake gane na farkon. Sai ka jera kwafi uku na littafi ɗaya a tabarma sannan za ka ga wanne aka gyara kuskurensa, wanne aka sake wa hoto, wanne farashinsa ya tashi.

Mataki na uku: karanta jikin littafin kafin labarinsa

Nan aikin yake, nan kuma daɗinsa yake.

Fara da bayan shafin suna, inda ake sa haƙƙin mallaka. Littattafan NNPC da makamantansu sukan rubuta da Turanci "First published" da shekara, sannan "Reprinted" da jerin shekaru. In ka ga jerin, shekarar ƙarshe ita ce shekarar kwafin da ke hannunka. In babu jerin, ka samu alama mai kyau, amma ba hujja ba tukuna, domin akan sake bugu a bar shafin yadda yake. A littattafan Kano wannan ma shi ya fi yawa: marubuci ya koma maɗaba'a sau biyar, shekarar da ke ciki tana nan ta farko. Wasu kuma babu shekara sam. To sai a koma ga sauran shaidu.

Farashi. A ranar 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo. Littafin da aka buga farashinsa a bango da sule da sisi, kamar 1/6 ko 2/6, kafin wannan rana ne. Wanda aka ce na 1969 ne amma farashin naira yana bugge a bangonsa, sake bugu ne. Lura da kyau, farashin da aka buga da inji nake nufi, ba wanda mai kanti ya rubuta da biro ko ya manna ba. A littattafan shekarun 1990 ma farashi yana aiki, tunda naira ta yi ta faɗuwa: cikin kwafi biyu masu kama da juna, mai ƙaramin farashi shi ne babba.

Adireshi. Jihohinmu sun yi ta sake suna da iyaka, kuma mawallafa ba su san suna bar mana kwanan wata ba. Adireshin Zariya ko Kaduna da aka haɗa da Jihar Arewa ta Tsakiya yana tsakanin 1967 da 1976. Funtuwa ko Daura a Jihar Kaduna yana nufin kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Haɗeja ko Gumel a Jihar Jigawa ba zai riga 1991 ba, Gusau a Jihar Zamfara ba zai riga 1996 ba.

Lambar waya. Wayar salula ta zamani ta fara aiki a Nijeriya a 2001. Littafin da shafinsa ya ce 1993 amma akwai lamba mai farawa da 080 a bayansa, an sake buga shi bayan shekara 8 aƙalla. Lambobin wayar girke su ne na da: 064 na Kano, 069 na Zariya, 062 na Kaduna. Adireshin imel ko na Facebook kuwa ba ya buƙatar bayani.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya. Tsarin ya kankama a duniya daga 1970 da lamba 10, ya koma lamba 13 a Janairun 2007. Lambar ƙasa ta Nijeriya 978 ce, shi ya sa sababbin littattafanmu suke farawa da 978-978. Tsohon littafi mai lamba 13 ba bugun farko ba ne.

Tallan da ke ciki. Wannan ita ce shaidar da na fi so. Marubutan Kano sukan jera sunayen littattafansu a bayan bango ko a shafin ƙarshe, wasu su raba su gida biyu, waɗanda suka fito da waɗanda ke nan tafe. In kana riƙe da littafin farko na marubuciya amma jerin ya nuna littattafai 9 sun riga sun fito, ka san amsa. 'Yan ƙungiyar Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suke cikin jiga-jiganta, sukan sa hoton 'yan ƙungiya da jerin littattafan mambobi, kuma jerin yana tsawo shekara bayan shekara. Haka wasiƙun masu karatu: in a cikin kashi na 1 ka ga wasiƙar wanda yake yabon kashi na 1 ɗin, ai sai da ya karanta wani kwafi da ya riga wannan kafin ya rubuto.

Bango. Littattafan farkon zamanin Kano zanen hannu suka fi amfani da shi, da launi ɗaya ko biyu. Da finafinan Hausa suka bunƙasa sai hotunan 'yan fim suka hau bango. In littafi an mayar da shi fim, kamar yadda aka yi wa In Da So Da Ƙauna da Alhaki Kuykuyo Ne, kwafin da ke ɗauke da hoton 'yan wasan fim ɗin ko ambatonsa bayan fim ya zo.

Sai rubutun kansa. Na farko-farkon da tafireta aka buga su, haruffa duk faɗi ɗaya, sau da yawa babu ƙugiya a kan ɓ da ɗ da ƙ, ko kuma an bi da alƙalami an lanƙwasa. Da kwamfuta ta shigo aka sake tsara da yawa. A tsofaffin littattafan zamanin Turawa kuma, kafin haruffa masu ƙugiya su zauna daram, an yi amfani da ɗigo a ƙasan harafi ko waƙafi a gefensa, kuma raba kalmomi ya sha bamban da na yau. Duk lokacin da aka sake tsara littafi sai a gyara waɗannan, wani lokaci har da kalmomin marubuci. Wannan ma dalili ne babba na neman bugun farko: shi ne ya fi kusa da abin da ya fito daga alƙalamin mai shi.

Shaida ɗaya ba ta isa. Haɗa uku ko huɗu, in suka yi baki ɗaya sannan ka rubuta a rajistarka cewa bugun farko ne. In suka saɓa, shaidar da ta fi kusa da yau ita ke da hukunci, domin sabon abu ba ya shiga tsohon bugu, amma tsohon abu yana zama a sabo.

Ka kula da bugun sata. Alamarsa rubutu mai dishi-dishi, hoton bango da launinsa ya gudu, gefen shafi da aka yanke har ya ci rubutu, da baƙin ɗigo-ɗigo irin na abin da aka ɗauka daga wani kwafi. Kuma tunda yawancin littattafan Kano kashi-kashi suke fitowa, 1 da 2 da 3, sai ka tantance kowane kashi shi kaɗai. Wanda aka haɗe su a kundi ɗaya daga baya yake zuwa.

In gonarka ta haɗa da na Turanci

Wasu suna son su haɗa da ƙagaggun labaran 'yan Nijeriya na Turanci, kuma a nan dokokin dillalan waje suke aiki. Bugun farko na Things Fall Apart na Chinua Achebe shi ne wanda kamfanin William Heinemann ya fitar a Landan a Yunin 1958, mai bangon kwali, kwafi 2,000. Mai ruwan lemo ɗin nan da aka karanta a makarantu na jerin marubutan Afirka ne da aka fara a 1962, shi ne lamba 1 a jerin. Yana da tasa daraja, amma ba shi ne na farko ba. A irin waɗannan littattafai rigar takarda da ake lulluɓa wa bangon kwali ita ke ɗauke da mafi yawan kuɗin. Kwafin 1958 mai lafiyayyar riga yakan kai dubban daloli, marar riga kuwa ba ya kusa da haka. Kar ka taɓa yar da rigar ko da ta yage, kar kuma ka yanke kusurwar da farashi yake.

Littattafan waje na baya-bayan nan sukan sa layin lambobi a shafin haƙƙin mallaka, kamar 10 9 8 7 6 5 4 3 2 1. Lamba mafi ƙanƙanta ita ce hawan injin. In 1 tana nan, na farko ne. In daga 3 ya tsaya, na uku ne. Ka kuma bincika a wace ƙasa littafi ya fara fitowa. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, alal misali, kamfanin Parrésia ya fara fitar da shi a Nijeriya a 2015, na Cassava Republic a 2016 ya biyo.

Mataki na huɗu: inda ake nema, da yadda ake ciniki

Kantin sababbin littattafai ba zai ba ka abin da kake so ba, sai dai tsohon kanti mai sito da ba a share ba. Je wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa a Sabon Garin Kano da Zariya da Kaduna, da bakin jami'o'i. Nemi waɗanda suka taɓa ba da hayar littattafai a unguwanni, yawancinsu wayar hannu ta kashe musu kasuwa, kayan suna nan a buhu. Kwafin haya yakan sha wuya, da hatimi da sunaye a ciki, amma sau da yawa shi ne na farkon, domin 'yan haya su ke rige-rigen saye ranar da littafi ya fito.

Mafi albarka duka shi ne gida. Tambayi goggonninka da yayyenka mata da suka yi 'yanmatanci a shekarun 1990 abin da ke ƙasan akwatinsu. Tambayi iyalan tsofaffin malaman Hausa. In mai littattafan ya rasu, kar ka je da maganar saye a kwanakin zaman makoki, kuma ka tuna littattafai dukiyar gado ce, sai da yardar magada duka.

A wajen ciniki, ƙirga shafuka a gaban mai kaya. Ɗan littafin da aka ɗinke da ƙarfe a tsakiya, takardar tsakiyar ita ke fara ficewa, ta tafi da shafi 4 lokaci ɗaya. Shinshina shi, warin ruma yana nufin zai iya harbin sauran littattafanka. Sannan ka biya farashin adalci. In tsohuwa ba ta san darajar abin da ke hannunta ba, kai ka sani, kuma Allah ya sani. Ban da haka ma, wanda ka kyautata wa shi zai kira ka gobe in wani buhun ya fito.

In kana son ka gwada kwafinka da wani tabbatacce, akwai Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, da Gidan Arewa a Kaduna, da Jami'ar Bayero, da Ɗakin Karatu na Ƙasa wanda doka ta ce kowane mawallafi ya kai masa kwafi 3.

Mataki na biyar: buɗe wa kowane marubuci fayil

Littafi ba daga sama yake faɗowa ba. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Wannan ɗan littafi ne ya sa East ya jawo shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, daga nan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Janairun 1939. Wanda ya san wannan, in ya ɗauki Ruwan Bagaja ya san ƙofar da rayuwar mutum guda ta bi ce yake riƙe da ita. Haka Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed: an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma karatun manya. In ka san haka, Wa Zai Auri Jahila? ba zai karantu maka kamar yadda zai karantu ga wanda bai sani ba.

Ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, tara abin da aka rubuta. Tarihin Imam da Abdurrahman Mora ya tsara ya fito a 1989, na Tafawa Balewa da Trevor Clark ya rubuta ya fito a 1991. Sassan Hausa na jami'o'inmu cike suke da kundayen digiri a kan rayuwa da ayyukan marubuta, da yawa da hirarrakin da ba a taɓa bugawa ba. Tsofaffin jaridu da mujallu ma suna da hirarraki da ta'aziyya. Duk abin da ka kwafo, rubuta inda ka samo shi. Za ka tarar ana saɓani a kan shekarar haihuwa ko shekarar fitar littafi, to rubuta duka biyun da mai kowace magana, kar ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi. Rubuta kuma duk yadda ake rubuta sunan mutum da laƙabinsa, domin wasu da laƙabi aka fi saninsu, kamar Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da masu karatu ke kira Anti Bilki.

Ga waɗanda ke raye kuwa, kar ka jinkirta. Nemi wanda zai gabatar da kai, kar ka faɗa gidan mutum haka kawai. In marubuciya ce matar aure kai kuma namiji ne, bi ta hannun maigidanta ko ka tafi da 'yar'uwarka. Gaisuwa tukuna: "Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, mun daɗe muna karanta ki, mun zo neman ilimi ne." Nemi izini kafin ka kunna rikoda ko ka ɗauki hoto.

Tambayoyin da 'yan jarida suka saba yi, irin su me ya ja hankalinki ga rubutu, an sha amsa su. Kai tambayi abin da ba ya cikin kowace takarda. Wa ya buga miki a tafireta? A wace maɗaba'a? Kwafi nawa aka fitar karon farko, nawa aka kashe, ina aka samo kuɗin? Wa ya zana bangon? Wane ɗan kasuwa ya fara karɓa, kuma ya biya? Sau nawa aka koma inji, me aka sake? Littafin rubutun hannu yana nan? Sai ka miƙa kwafinka ka ce, "Malam, wannan shi ne na farkon?" Sau da yawa da kallo ɗaya zai gaya maka, ya ƙara da labarin kuskuren da aka yi a wani shafi wanda aka gyara a bugu na biyu. Wannan kuskure ya zama ma'auninka har abada. Kar ka yi mamaki in marubucin ya ce shi kansa ba shi da kwafi. Hakan na faruwa sosai, kuma in kana da biyu, ba shi ɗaya.

In zai sa maka hannu, roƙe shi ya haɗa da kwanan wata da gari. Kwafin da marubuci ya rubuta wa malaminsa ko abokin rubutunsa sadaukarwa da hannu ya fi wanda aka sa wa hannu kawai daraja. Abin da aka gaya maka na sirrin gida kuma amana ce, ba ya shiga fayil ɗin da wani zai gani.

Mataki na shida: ajiya

Na taɓa rasa kwali guda cikin damina ɗaya. Na jingina shi da bango a ƙasa, na yi wata 3 ban duba ba, da na ɗaga sai ƙasa ta zubo, gara ta shiga ta gindi ta bar mini bangwaye kawai. Akwai littattafai biyu a ciki da har yau ban sake ganin irinsu ba. Tun daga ranar ba na ajiye takarda a ƙasa ko jikin bango. Kanta ta ƙarfe ko akwatin ƙarfe a kan dutse ko bulo, da tazarar tafin hannu daga bango, kuma a duba kowane wata, a damina kowane mako biyu.

Rana tana ƙona takardar jarida ta mayar da ita ja mai karyewa, don haka nesa da taga. Ƙurar hunturu a share ta da busasshen buroshi mai laushi, daga gindin littafi zuwa waje. Kar ka ƙulle littafi a leda, gumi yake yi a ciki ya yi ruma. 'Yan sirara a sa kowanne a ambulan ɗin takarda a kwantar, kar a tsayar da su su lanƙwashe. Kafur yana korar asu da kyankyaso, amma a ɗaure shi a ƙyalle a kusurwa, kar ya taɓa takarda. Sabon shigowa a ware shi mako biyu kafin ya shiga cikin sauran.

Abubuwa uku suna kashe bugun farko da sunan gyara: salatif, wanda gam ɗinsa yake narkewa ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita, manna leda da zafi a bango, da kai wa mai ɗinkin littafi ya yanke gefe ya sa sabon bango. Yagaggen bango na asali ya fi sabo na aro. In ƙarfen ɗinki ya yi tsatsa har yana cin takarda, zare shi a hankali, ka ɗinke da farin zare ta ramukan da suke nan, ka rubuta a rajista cewa ka yi haka. Kar ka rubuta sunanka da biro a ciki, kar kuma ka goge sunan mai shi na da ko hatimin makaranta, tarihin kwafin ke nan.

Ɗauki hoton bango gaba da baya, da shafin haƙƙin mallaka, da shafukan talla. Ɗaukar hoton littafin duka ka watsa a WhatsApp kuwa cin haƙƙi ne. A dokar Nijeriya haƙƙin mallaka yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, wato na Imam da ya rasu a 1981 ma bai ƙare ba, balle na wadda take raye tana jiran cinikin littafinta.

Rajistar kanta babban littafin rubutu mai bangon kwali ya isa, ko da kana da kwafi a kwamfuta. Kowane littafi shafinsa: suna yadda yake a bango, marubuci, maɗaba'a da gari, shekarar da aka rubuta da shekarar da kai ka gano, yawan shafuka, tsawo da faɗi da santimita, farashin bango, shaidun da ka dogara da su, lahanin da ke jikinsa, inda ka samo shi, ranar da nawa ka biya. Ba shi lamba, ka rubuta lambar da fensir a ambulan ɗinsa da kuma fayil ɗin marubucin. A shafin farko na rajistar rubuta sunan wanda za a miƙa wa tarin in ta Allah ta kasance, ɗa ne ko ɗalibi ko ɗakin karatu, ka sa hannu, ka kuma nuna wa iyalinka inda rajistar take.